Lambar Gida da Sirrin Gida



Mun taso a zamanin da adireshin mutum kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, daura da mai shayi, gida na uku. Wasiƙa kuwa ba ta isa ƙofa, sai ta tsaya a akwatin gidan waya, kuma sau da yawa akwatin ɗan kasuwa ɗaya ya ishi unguwa guda.

Yau lamarin ya sauya. A 2017 ƙasar Gana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, inda aka yanka ƙasar baki ɗaya zuwa ƙananan murabba'ai, mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, kowanne da lambarsa: haruffa biyu na yanki da gunduma, sannan alƙaluma. Wayar salula ce ke gano wurin ta hanyar tauraron ɗan Adam. Kafin nan, a 2016, gidan wayar Kodebuwa ya rungumi what3words, wanda ke ba kowane fili na mita 3 suna mai kalmomi uku.

Hakika amfanin abin a fili yake. A lungunan Nima da Sabon Zango na Akara, inda baƙo kan ɓata, lamba ɗaya na iya jagorantar mai kawo saƙo ko motar asibiti har ƙofa.

Sai dai mu lura. Mai bin kwatance dole ya tambayi maƙwabta, su gan shi, su auna shi, in bai kwanta musu ba su ce ba su san gidan ba. Lamba ta kawar da wannan shinge. Ita kaɗai ba ta ɗauke da sunan kowa, amma da zarar an haɗa ta da suna da lambar waya, ta zama mabuɗi: ana kwafar ta, ana tura ta, tana zama a wayar wanda muka manta da shi. Mu tuna da gwauruwar da ke zaune da marayunta, da matar da ta tsere wa mai dukanta, da ɗan kasuwar da ke kwana da ciniki a ɗaki.

Suratun Nur ta hore mu da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin mutane. Gana ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2012, Nijar a 2017, amma doka ba ta tsaron ƙofar da mai gida ya bari a buɗe.

Saboda haka, kada mu saka lambar gidanmu a dandalin WhatsApp mai tarin baƙin ido. Ga ɗan kabu-kabu ko mai kawo kaya, lambar shago ko bakin titi ta wadatar. Duk wanda ya nemi tamu, mu tambaye shi dalili. Mu gargaɗi 'ya'yanmu. Lambar maƙwabci kuwa amana ce, ba a bayar da ita sai da yardarsa.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya rufa mana asiri. Amin.