Allurar gyambon ciki: Darasin da ke cikin labarin Zantac

A watan Oktoban 2024, kamfanin magunguna na GSK da ke Birtaniya ya amince zai biya har dala biliyan 2.2 domin sasanta ƙararraki kimanin 80,000 da aka shigar a Amurka a kan maganinsa na gyambon ciki, wato Zantac, ko da yake bai amsa laifi ba.

Maganin, wanda likitoci ke kira ranitidine, ya shiga kasuwa ne a 1981, a matsayin ƙwaya da kuma allura. Aikinsa shi ne rage ruwan tsamin da ciki ke fitarwa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 ya zama ɗaya daga cikin magungunan da aka fi saye a duniya.

To sai dai a 2019 an gano cewa yana ƙunshe da wani sinadari mai suna NDMA, wanda ake kyautata zaton yana iya haddasa sankara.

A watan Afrilun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta nemi a janye shi baki ɗaya, har da allurar. Tarayyar Turai ma ta dakatar da shi a wannan shekarar. Sai a ƙarshen 2025 ne FDA ta amince da wani sabon samfurin ƙwayar da aka sake wa haɗi.

Wani abin lura shi ne hukumar ta ce sinadarin na ƙaruwa ne idan maganin ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi. Wannan gargaɗi ne ga yankuna irin su arewacin Najeriya da Nijar, inda magani kan kwashe watanni a kan kanta a tsakiyar bazara.

Ba kowa ake yi wa allura ba

Janye ranitidine bai kawar da allurar gyambon ciki ba, domin akwai wasu irin su omeprazole da pantoprazole da famotidine.

Amma likitoci na keɓe su ne ga mara lafiyar da ke kwance a asibiti: wanda gyambonsa ke zubar da jini, ko wanda ba ya iya haɗiyar ƙwaya, ko kuma wanda za a yi wa tiyata. Da zarar ya farfaɗo, sai a mayar da shi kan ƙwaya.

Ana kuma ɗura su ne a jijiya sannu a hankali. Tura ranitidine da gaggawa, alal misali, na iya rage bugun zuciya, kuma mai ciwon ƙoda sai an rage masa adadin famotidine.

Wannan ya sha bamban da abin da aka saba gani a unguwanni, inda mutane da dama ke ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, su nufi kemis da zarar ƙirji ya fara zafi.

Sauƙi ba waraka ba ne

Babbar matsalar ita ce rage ruwan tsami ba ya kashe tushen cutar.

Yawancin gyambon ciki na faruwa ne sakamakon wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda gano ta ya sa aka bai wa Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya lambar yabo ta Nobel a 2005. Maganinta shi ne haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage tsami, na mako ɗaya zuwa biyu.

Sauran kuwa galibi yawan shan magungunan ciwon jiki ne ke jawo su, irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin.

Bugu da ƙari, sauƙin da allurar ke kawowa na iya ɓoye alamun sankarar ciki, har lokaci ya ƙure.

Saboda haka aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ramar da ba a san dalilinta ba, alamu ne na a garzaya asibiti a yi gwaji, ba a sake komawa kemis neman wata allurar ba.