Wa Ya Auna? Sharhi Kan Taron Masana da Zafin Ranar Arewacin Zamfara



Duk watan Maris, masana fiziks sama da 10,000 kan hallara a ɗaya daga cikin biranen Amurka. Galibinsu masu nazarin daskararrun abubuwa ne, masu bin diddigin yadda lantarki da zafi da haske ke ratsa ƙarfe da gilashi da tangaran da silikon. A irin wannan taro ne, daren 18 ga Maris na 1987 a birnin New York, kusan mutum 2,000 suka cunkushe a zaure guda har bayan ƙarfe 3 na dare, saboda an gano wani irin tangaran da lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da asara ba idan an sanyaya shi. Ba babban baƙo suka je gani ba. Kowane mai magana 'yan mintoci aka ba shi ya nuna abin da ya auna, sauran kuma su yi masa ca da tambayoyi. Awo ne ya tara su, awo ne ya hana su barci.

Mai sauraro a Shinkafi ko Zurmi zai ce, Malam, me ya haɗa kifi da kaska? To, rediyon da kake jin wannan sharhi da shi, daga tiransiston da masanan wannan fanni suka ƙirƙiro a 1947 ya samo asali. Fanel ɗin sola da ke kan rumfar mai cajin waya, kakansa an nuna shi a 1954, yana mayar da kashi 6 kacal cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki, yau kuwa na kasuwa ya kai kashi 20. Farin ƙwan tocilan da ya kori aci-balbal daga ɗakunanmu, binciken wasu Japanawa uku ne da suka karɓi lambar Nobel a 2014. Ka zaga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, za ka ga sakamakon waɗancan tarurruka a shimfiɗe kan tabarma, ana ciniki. Kayan sun iso mana. Abin da bai taɓa tashi daga nan ya isa zauren masana ba shi ne tambayarmu.

Ga tambayar kuwa. Juya bayan kowane fanel, za ka ga takarda a manne, an rubuta wat 300, ko 200, ko 150. Wannan lamba a ɗakin gwaji aka same ta, fanel yana kan zafin digiri 25. Silikon kuwa ba ya son zafi: duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin da yake bayarwa kan ragu da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, lokacin da iskar Ƙaura Namoda kanta ke wuce digiri 40, fanel ɗin da ke kwance kan kwanon rufi yakan kai 65, hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Ka yi lissafi, kusan wat 50 cikin 300 sun tafi tun ba a yi maganar ƙura ba. Sai hunturu ya zo, hazo ya tare rana, ƙura ta kwanta kan gilashin har yaro na iya rubuta sunansa da yatsa. Nawa ne ke tafiya a nan? Wa ya auna? Kwana nawa ya kamata a yi kafin a goge, a garin da jarkar ruwa kanta kuɗi ce? Wa ya auna? Cikin fanel goma da ake sayarwa a kasuwanninmu, nawa ne ke ba da abin da aka rubuta a bayansu? Wa ya auna? Mai rijiyar burtsatse ya ga famfo ya yi sanyi da azahar, ya ce sola ƙarya ce, mai sayarwa ya rantse kayansa na asali ne, babu wanda ke da lamba a hannu da za ta raba gardama.

Laifin ba na rana ba ne, ba kuma na ɗalibai ba. Laifin na masu rabon kuɗin ilimi ne da suka mayar da taron masana biki. Mun san yadda ake yi. A kama babban otal a babban birni, a buga jaka da kalanda, a ware alawus, a jira babban baƙo har rana ta take. Ya zo, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a ci abinci, manya su watse. Sai da la'asar a kira matashin malamin da ya kwana yana haɗa bincikensa, ya karanta wa kujeru. Daga ƙarshe a fitar da sanarwar bayan taro mai kira ga gwamnati, kamar ta bara, kamar ta bara waccan. An kashe kuɗin jaka, ba a sayi mita ko ɗaya ba. An biya kuɗin zaure, ba a sayi ma'aunin zafi ko ɗaya ba. Su masu rabon nan hoton suke so, shi ya sa ba sa tambayar wa ya auna.

Za a ce, ana sace mutane a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, manoman Zurmi na tsoron gonakinsu, kai kana maganar fiziks? Gaskiya ne, tsaro shi ne gaba da komai. Amma rashin tsaron ne ya ƙara wa maganar nauyi. Idan hanya ta yi wuya, mai gyara ba ya zuwa daga Gusau, man janareta ba ya isowa, firjin da ke adana allurar rigakafi a asibitin ƙauye ba shi da madogara sai fanel da batir. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan, kowa ya ɗanɗana rayuwa idan waɗannan ƙananan na'urori sun yi shiru. Garin da ke da wuyar zuwa shi ya fi buƙatar kayan da aka gwada da zafinsa da ƙurarsa, domin idan sun lalace babu mai kawo ɗauki da wuri.

Za a kuma ce wannan fanni na masu hannu da shuni ne, injinansa sun fi ƙarfinmu. Wasu injinan, ƙwarai. Amma awon da muke magana a kai, mita ce, da ma'aunin zafi, da ma'aunin hasken rana, da littafi, da haƙurin shekara guda. Kuma ba yau aka fara ba a ƙasar Hausa. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a jihar Maraɗi, masanin fiziks ne da ya ja ragamar cibiyar makamashin rana ta Nijar tun daga 1969, ya ƙera tukunyar dafa abinci da na'urar dumama ruwa masu aiki da rana, yau jami'ar Yamai sunansa take amsawa. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Zariya akwai wata a Jami'ar Ahmadu Bello. A nan Ƙaura Namoda ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983, ga jami'ar tarayya a Gusau tun 2013. Masana muna da su. Kuɗin awon ne ake karkatarwa zuwa jaka da alawus.

Tun da an taɓo batir, bari a tsaya a kansa, domin nan ne abin ya fi ban tsoro. Babban batir ɗin da ake haɗa wa sola, galibinsa dalma ce a ciki, kuma zafi na rage masa kwana: ƙarin digiri 10 kan iya raba tsawon rayuwarsa biyu. A ɗaki mai rufin kwano ake ajiye shi, ya mutu da wuri, a sayar wa 'yan gwangwan, a fasa shi da guduma, ruwan ya kwarara a ƙasa, yara na wasa kusa. Mu Zamfarawa ba sai an yi mana wa'azin dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gubarta ta kashe yara sama da 400. Waccan daga dutsen zinari ta fito, wannan kuwa da kuɗinmu muke sayo ta mu shigo da ita gida. Batir nawa ke mutuwa a Shinkafi duk shekara, ina suke ƙarewa, dalma nawa ce a ƙasar da ake fasa su? Wa ya auna?

Saboda haka kiranmu ga masu rabon kuɗin ilimi a bayyane yake. Ku rage jaka, ku rage alawus, ku sayi mita. A kafa fanel a Ƙaura, a kafa a Shinkafi, a kafa a Zurmi, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suke bayarwa safe da rana da yamma, hunturu da bazara da damina. Shekara ta zagayo, a kira taron masana a Ƙaura Namoda, a gayyato na Sakkwato da Zariya da Kano da Maraɗi, a ajiye wa masu haɗa sola da masu cajin waya kujeru a sahun gaba, domin su ke da tambayoyin. Wanda bai zo da awo ba, ko wane ne shi, kada a miƙa masa lasifika. Sakamakon kuma a faɗe shi da Hausa a rediyo, yadda mai sayen fanel zai shiga kasuwa ya san abin da zai tambaya kafin ya zaro kuɗinsa.