Fada, salula da ɗan lakol: wa ke riƙe da daren yaranmu?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk watan Oktoba idan aka koma lakol, koke ɗaya ake ji daga Yamai har Damagaram: yara ba su karatu, salula ta ɗauke musu hankali. Ranar Juma'a liman ya yi tir da TikTok, jama'a su gyaɗa kai, a watse. Da dare yaro ya koma fadarsu.

Fadar nan ya kamata mu duba, ƴan'uwa. Tun shekarun 1990 ta bazu a biranenmu: tabarma, butar shayi, suna a jikin bango. A da kaset ake sawa. Yau salula ce ke zagayawa hannu zuwa hannu, ana kallon Labarina ko Izzar So, ana gardamar Real Madrid da Barcelona har ɗayan dare. Mai BEPC a gabansa yana cikinsu, kuma ƙarfe takwas na safe ana jiransa a aji. Kafin a kai ga hukuncin abin da ya kalla, an riga an ci barcinsa da asubarsa. Ƴan mata ba su zama fada, amma tasu tana cikin ɗaki, a WhatsApp, inda ake auna mutunci da irin ɗinki da rawar biki. Yarinyar da ubanta ba shi da hali ta san abin da ake ce mata.

Ni ban ga ƙarin tsinuwa zai yi magani ba. Malaman tafsiri sun kawo, a aya ta 6 ta Suratu Luƙman, labarin Nadru ɗan Haris, wanda ke tara Ƙuraishawa yana ba su hikayoyin Farisa, na Rustum da Isfandiyar, don ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. Wato gasar tsohuwa ce, kuma a kan kunne ake yin ta. Wanda yaro ya fi zama da shi, shi ne malaminsa, ko da rawani ko babu.

To me fada ke ba shi? Ana kiran sunansa, ana jin maganarsa, idan ba shi da lafiya a haɗa masa ƴan dala. A ajin gwamnati mai cunkoso mushe bai ma san fuskarsa ba. A masallaci kuwa, mu dattawa, abin da muka fi iyawa shi ne korarsa daga sahun gaba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna: yaro ya ga ɗan wasa da mota, ya ga yayansa ya gama jami'ar Say ko ta Abdou Moumouni yana zaune ba aiki. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma wa'azin minti ashirin ba ya rusa ta.

Kwamitocin masallatai suna da abin yi da bai buƙatar kuɗi mai yawa. Masallacin da ke da sola ya bar fitila ɗaya a haraba bayan Isha, ɗaliban jami'a na unguwa su riƙa yi wa ƙannensu bitar lissafi da faransanci, da shayinsu. Limamai matasa su je fada su zauna, su fara da saurare. Ƙungiyoyin mata su yi wa ƴan mata irin wannan da la'asar. Uban da ke sayen forfe kuma ya sa sharaɗi: goman dare salula ta kwana ɗakinsa, tare da tasa.

Wallahu a'alam.