Gyaran Na'urar Ɗumama Abinci a Gida

Sau da yawa uwargida kan sa tuwon jiya cikin na'urar ɗumama abinci, watau maikirowef, ya fito da sanyinsa, nan take maigida ya ɗauko sukundireba. To, a dakata tukuna.

A fara gwada ta da kofin ruwa na minti 2. In ya yi ɗumi kaɗan, mai yiwuwa wutar lantarkin ce ta zo da rauni. In kuwa na'urar ba ta ko motsa ba, a duba soket da fis ɗin filogi, a kuma tabbata ƙofa ta kama, gama an ƙera ta yadda ba ta tashi sai a rufe. Tartsatsi kuwa galibi daga cokali ne, ko kwanon ƙarfe, ko maiƙon da ya ƙone a bangon ciki. A zare filogi a goge.

Iyakar aikin gida ke nan. Ƙarƙashin murfinta akwai kafasita mai tara wuta wajen bolt 2,000, tana kuwa iya riƙe ta ko an zare filogi, kuma ta isa ta kashe ƙato. Saboda haka in fitila na ci, faranti na juyawa, amma abinci bai yi zafi ba, lalle a kai wa mai gyara.