A ba Google ko Microsoft riƙon imel ɗin kamfani, amma kada a saki takardar fili

A Kano da Kaduna da Abuja, ƙananan kamfanoni da makarantun kuɗi da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna ta yin rajistar sunan intanet nasu na kansu. Dalilin a fili yake: wasiƙar da ta fito daga adireshi mai sunan kamfani, wanda ya ƙare da .com.ng ko .org.ng, ta fi ta Gmail ko Yahoo kwarjini a idon banki ko mai ba da kwangila. Bayan an mallaki sunan sai tambaya ta taso: wa zai riƙe akwatin saƙonnin?

Ko dai kamfani ya kafa babbar kwamfutarsa ta karɓa da aika saƙo, ko ya kama haya a wurin Google Workspace ko Microsoft 365 ko Zoho Mail. Idan haya ce, layi ɗaya ake gyarawa a bayanan sunan, wanda ake kira MX, ya nuna wa duniya inda za a kai wasiƙu. Adireshin yana nan yadda yake, ɗan aiken ne kawai ya canja.

Ga mafi yawan waɗannan kamfanoni, hayar ce ta fi. Kwamfutar imel ba ta barci, kuma kowa ya san halin wutar lantarki da kuɗin dizal. Ko an shawo kan wannan, akwai matsalar da ba a gani: manyan kamfanonin imel ba su yarda da baƙo ba. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa, musamman ga masu aika saƙonni da yawa, sai an tantance mai aikawa da tsare-tsaren SPF da DKIM da DMARC. Wanda ya yi kuskure a nan, takardar neman kwangilarsa za ta faɗa kwandon tarkace, yana zaune yana jiran amsa, bai san ko buɗe ta ba a yi ba. Ga kuma masu kutse. A Maris ɗin 2021 an fasa dubban kwamfutocin Microsoft Exchange da hukumomi da kamfanoni ke riƙe da kansu a faɗin duniya, alhali masu haya a wurin Microsoft ɗin matsalar ba ta shafe su ba.

Ba wai hayar ba ta da ƙaya ba. Ana biya ne kan kowane ma'aikaci duk wata, kuma galibi dala ce ma'aunin. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Mai gida kuma yana iya sauya magana. A Janairun 2022 Google ya sanar da rufe tsohon tsarinsa na kyauta, sai da aka yi ta ƙorafi kafin ya bar wa masu amfanin kashin kai, 'yan kasuwa kuwa suka koma biya. Asibiti ko ofishin lauya na da ƙarin abin dubawa: dokar CLOUD ta 2018 ta ba hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko a ina aka ajiye su, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje.

Duk waɗannan suna da magani ɗaya: a kwashe kaya a koma wani gidan. Wannan kuwa yana yiwuwa ne kawai idan sunan na kamfanin ne. A nan ake yawan yin sakaci. Sai a ba wani matashi masanin kwamfuta aikin, ya yi rajista a wurin ɗaya daga dillalan da ƙungiyar NiRA ta amince da su, da sunansa da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da aka saɓa, ko ya tafi karatu waje, ko ya manta da sabunta rajistar shekara, saƙonni su tsaya cak. Idan sunan ya faɗa hannun wani, shi zai riƙa karɓar wasiƙun banki da na abokan ciniki, har da saƙon sauya kalmar sirri.

Duk shugaban kamfanin da bai taɓa shiga asusun rajistar sunansa da kansa ba, ya kamata ya nemi a buɗe masa shi a gabansa a wannan makon, ya duba sunan wa ke ciki da ranar da wa'adin zai ƙare.