Cinikin Biri a Sama

A duk kasuwar da na sani, mai saye yakan duba kafin ya biya. Mai sayen yadi yakan warware shi ya kalle shi a hasken rana, mai sayen tsohuwar mota yakan tayar da ita ya zaga gari, ko mai ƙosai ma ba ta hana ɗanɗano. Kasuwa ɗaya ce ta keɓe kanta daga wannan al'ada, kuma ita ce ke cikin aljihun kowa, wato rumbun manhajojin wayar salula. A App Store na kamfanin Apple ko Google Play, abin da za ka gani kafin kuɗinka ya fita shi ne 'yan hotunan da mai kaya ya zaɓa da kansa, da yabon da ya rubuta wa hajarsa, da taurarin da wasu baƙi suka bayar, waɗanda ba ka san ko a irin wayarka suka gwada ba. Iyayenmu sun ce ba a cinikin biri a sama, sai ga shi muna yi kullum da ɗan yatsa.

Matsayina shi ne mayar da kuɗi haƙƙi ne na mai saye, kuma nauyinsa a wuyan mai rumbu yake. Shi ne ke karɓar kuɗin, shi ne ke tantance manhajar kafin ta shiga, shi ne kuma ke yanke kamasho: kashi 30 cikin ɗari shekara da shekaru, kafin a rage wa ƙananan masu ƙirƙira zuwa kashi 15 a 2021. Dillalin da ya ci lada mai tsoka haka ba shi da bakin cewa babu ruwansa idan kaya ya fito da aibi.

Tarihi ya nuna cewa abin ba gagara ya yi ba. Lokacin da rumbun Google ke amsa sunan Android Market, mai saye yana da sa'o'i 24 ya mayar da manhaja. A Disamban 2010 aka datse wa'adin zuwa minti 15, lokacin da bai isa mai raunin intanet ya gama saukewa ba, balle ya gwada. Sai a 2014 aka mayar da shi sa'o'i biyu. Shi kuwa Apple, sharuɗɗansa sun ce ciniki in ya faɗa ya faɗa. Kana iya shigar da koke, amma amsawa ko ƙi ganin damarsa ne. To, ina waɗannan kamfanoni ke sassautowa? Inda doka ta tsare su. A 2011 gwamnatin birnin Taipei ta buƙaci a ba masu saye kwana bakwai kamar yadda dokar Taiwan ta tanada. Apple ya bi. Google ya ƙi, aka ci shi tarar dalar Taiwan miliyan ɗaya, ya janye manhajojin kuɗi daga ƙasar har zuwa 2013, ko da yake kotu ta soke tarar. A ƙarshen 2014 Apple ya buɗe wa mazauna Tarayyar Turai ƙofar kwana 14, saboda dokar can ta kare masu saye daga nesa. Manhaja ɗaya, kamfani ɗaya, amma darajar kuɗinka ta danganta da ƙasar da kake zaune.

Na san abin da masu ƙirƙira ke tsoro, kuma ba na raina shi. Yaron da ya shafe wata shida yana gina ɗan wasan da ake ƙarewa cikin sa'a guda yana da dalilin fargabar wanda zai saya, ya more, sannan ya karɓe kuɗinsa. Sai dai an daɗe da samun maganin wannan. Tun 2015 kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam ke mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba a buga wasan ya kai sa'o'i biyu ba, kuma ba ta rushe ba. Google ma ba ya mayar maka da kuɗin manhaja ɗaya sau biyu. Kamfanin da ya san sau nawa ka buɗe wayarka jiya ba zai kasa bambance mai gaskiya da ɗan cuwa-cuwa ba. Hukunta dubban masu gaskiya domin tsoron 'yan tsiraru lalaci ne da aka yi wa rawani.

Wasu za su ce ai akwai gwajin kyauta. A nan ne raina ya fi ɓaci. Gwaji na gaskiya shi ne a ba ka kaya ka taɓa, in bai yi maka ba ka ajiye ka yi gaba. Abin da ya yaɗu yanzu daban ne: a ce kwana uku ko bakwai kyauta, amma sai ka fara miƙa katin banki, ranar da wa'adi ya cika kuma a zare kuɗin wata ko na shekara ba tare da ka sake cewa uffan ba. Wannan tsari ba ingancin manhaja yake gwadawa ba, mantuwar ɗan Adam yake farauta. Kuma ba yau aka fara kama rumbunan da sakaci da aljihun jama'a ba. A 2014 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar da aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, ga iyayen da 'ya'yansu suka yi sayayya cikin wasanni ba da izininsu ba.

Akan ce kuɗin kaɗan ne, bai kai a yi tashin hankali ba. Kaɗan a wurin wa? A 2024 dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya kuma naira 70,000. Manhajar dala goma ta cinye sama da kashi ɗaya cikin biyar na albashin wata. Mai wannan albashi shi ne kuma ke riƙe da ƙaramar waya wadda manhajar ta fi yiwuwa ta ƙi buɗewa a kanta. Wanda ya yi irin wannan asara sau ɗaya ba ya sake saye. Wurin masu tura manhajojin sata yake komawa, ya kwaso ƙwayar cuta a wayarsa, mai ƙirƙira kuma ya tashi a tutar babu. Tsarin da aka ce yana kare mai ƙirƙira shi ne ke korar masa abokan ciniki.

Abin da nake nema bai da yawa: maɓalli ɗaya a fili, wa'adi sananne da ba zai gaza kwana biyu ba, kuɗi ya dawo ba tare da roƙo ba, gwaji kuma ya mutu da kansa sai in mai waya ya ce a ci gaba. Nijeriya tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, tana da hukumar da aka ɗora wa aiwatar da ita. Ina jiran ranar da za ta aika wa Apple da Google irin takardar da Taipei ta aika musu a 2011.