Na'urar da ke "bayarwa" ita ta fi cinye ka

Daren jiya a fada, ana cikin shayi, wani abokina ɗan kabu-kabu ya ce ya gano sirrin caca: "Ni ba na taɓa mai babban ci. Waccan nake bugawa, mai bayarwa kullum." Na tambaye shi nawa ya rage cikin kuɗin da zai kai wa mai moto. Sai ya yi shiru.

Matasan Damagaram, mu yi lissafi tare. Ka zuba dala 20, na'ura ta yi kiɗa, fitilu suka haska, ta mayar maka da dala 8. Zuciyarka ta ce ka ci. Aljihunka ya san dala 12 sun tafi. A 2010, Mike Dixon da abokan aikinsa a jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna cewa jikin ɗan caca yana zabura da irin wannan asarar kamar ya ci da gaske. Tun shekarun 1950, B. F. Skinner ya gani a kan tattabaru: in hatsi na faɗowa ba a san yaushe ba, tattabara ba ta daina saran maɓalli.

Mai ƙera na'urar ya san wannan sarai. Ko tana ba da kaɗan sau da yawa, ko mai yawa jefi-jefi, kasonsa a yanke yake tun daga masana'anta. A ce cikin kowace dala 100 tana mayar da 90. Ka buga dala 20 sau ɗari, a matsakaici jaka guda ta tafi. Mai rowar za ta kore ka da wuri. Mai "bayarwar" za ta zaunar da kai daga magariba har tsakar dare, kana mayar mata da abin da ta ba ka. Wasannin cikin salula ma haka suke, kuma su ba sa rufe ƙofa.

Hukuncin caca a addini kowa ya san shi. Rashin aikin yi kuma gaskiya ne, daga Birni har Kara-Kara. Amma wanda ba shi da aiki shi ya fi buƙatar dalarsa.

Muna kira ga hukumomi su hana yara shiga wuraren nan, su tilasta a rubuta kason da kowace na'ura ke mayarwa. Kai kuma ɗan'uwa, ɗauki takarda: sati guda, rubuta abin da ka zuba da abin da ka ɗauka. Ka zo fada da ita, mu karanta tare.